Awatif da Mai Gadin Kura

Shekara talatin da ɗaya Awatif ta yi tana aiki a masaƙa a nan garinmu Mahalla, kuma duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa saƙa ko kamu ɗaya na yadi ba. Aikinta neman aibi ne. Yadi zai riƙa wucewa ta gabanta a kan wani tebur mai fitila a ƙarƙashi, ita kuwa tana bin sa da ido da bayan farce, daga gefe zuwa tsakiya, duk inda zare ya tsinke ko ya yi ƙulli ta zana masa jan alli. Masu saƙa ba sa ƙaunar ganinta, shugabanni kuwa suna ji da ita. Ranar da ta ajiye aiki an karɓi allin, amma idon ya biyo ta gida. Mai tumatir na unguwarmu idan ya hango ta, da kansa yake juyo ruɓaɓɓen sama, don ya san ko ya ɓoye sai ta tono shi. Ba ta yarda da sikelin kowa ba, ba ta kuma yarda da gaisuwar da ta cika tsawo ba. Mu dai mun saba da ita, muna kiranta Ummu Rihab da sunan 'yarta, muna ba ta hanya.

Mijinta, Kabtin Mitwalli, direban motar ɗaukar auduga ne a ranakun aiki, amma ba da wannan aka san shi ba. Duk Juma'a bayan la'asar, shekara da shekaru, yakan shafa baƙi a kewayen ido, ya sa wani wando mai dabbare-dabbare da Awatif ta ɗinka masa, ya hau dandalin kokawa mai igiyoyi da sunan Kura. Irin kokawar nan ce ta talabijin, wadda tun a ɗakin sauya kaya aka gama shirya wanda zai faɗi, sai dai tamu ta gida ce: filin matasa, rumfar mauludi, wani lokaci bikin ɗan wani attajiri. Kura shi ne mugun wasan. Ya ciji kunne, ya watsa wa abokin karawa toka a ido, ya maka wa alƙalin wasa kujera. Tsofaffi su yi ta tsine masa, yara su jefe shi da ɓawon lemo, shi kuwa ya dawo gida baki har kunne, yana ba ta labarin wata tsohuwa da ta tuɓe takalmi ta bi shi har mota. Awatif ba ta taɓa gane daɗin abin ba. Sau biyu ta je kallo, duka biyun ta dawo da ciwon kai da sunayen waɗanda suka zage shi.

Shekara uku da suka wuce hawan jini ya kayar da shi a ƙofar gidan gahawa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Allah ya yi da sauran kwana. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo amma da ja, hannun dai ko cokali da ƙyar. Likita ya ce ban da gishiri, ban da taba, ban da ɓacin rai, kuma a kula da matakala, don gidansu a hawa na huɗu yake. Awatif ta karɓi wannan jerin ta yi masa ƙari daga wajenta: ban da gidan gahawa, ban da abokan kokawa, ban da kallon wasa mai ihu. Wata rana ta tafi kasuwa, ya lallaɓa zai sauka, ya zame ya fasa goshi. Daga ranar idan za ta fita sai ta kulle ƙofa ta waje ta jefa makullin a jaka.

Kada wani ya ɗauka mugunta ce. Awatif tana son mutumin nan, irin son masu kaifin baki da ba sa faɗa sai dai su cika maka kwano. Ta gan shi kwance a asibiti baki a karkace, yana kallonta bai iya kiran sunanta ba, ta kuma sha alwashin ba za ta sake ganin haka ba muddin tana numfashi. Abin da take tsoro a duniya ɗaya ne, kada ta rasa shi. Shi kuwa ya zama mutum mai shiru. Ya sha miyar adas, ƙananan waken nan, ba gishiri ya ce an gode, ya zauna a baranda da wayar da 'yarsu Rihab ta saya masa, yana sauraron karatun Alƙur'ani ko kallon tsofaffin wasanninsa da murya ƙasa-ƙasa. Ita a ganinta lafiya ke nan.

Rihab ce ta kawo maganar, ranar da ta zo daga Tanta inda take aure. Ta ja uwar zuwa kicin ta tura ƙofa, ta nuna mata wani shafi a Fesbuk inda masu son kokawa ke rubuta labaran ƙirƙira a kan 'yan wasan da suke so, na waje da na gida. Yawanci shirme ne: wane ya kara da wane a wasan da ba a taɓa yi ba, wane ya auri ƙanwar abokin gabarsa. Amma akwai wani da bai sa sunansa ba, ya sa hoton rijiya kawai, wanda duk Talata kafin azahar yake sakin kashi ɗaya na labarin Kura. Ya kai kashi na goma sha tara.

Awatif ta ɗauko tabarau ta karanta a tsaye. A labarin, an sace Kura an jefa shi wani ɗaki a ƙarƙashin dandalin kokawa, inda yake jin dirin ƙafafu da ihun 'yan kallo a kansa amma ba mai jin nasa. Akwai wani Mai Gadi da ke rufe fuska, ba ya magana, kullum ya shigo sai ya raba shi da wani abu. Ya cire masa haƙora ɗaya bayan ɗaya ya jera su a faranti. Ya ɗinke masa hannun dama a jikin haƙarƙari da zaren buhu. A kashi na sha biyu ya aske masa sunansa daga kan harshe, har Kura ya kwana uku yana lalube a duhu yana tambayar bango ko shi wane ne. A ƙarƙashin kowane kashi kuwa mutane ɗari-ɗari suna sharhi. Wani ya ce Allah ya ƙara, mugu ne dama. Wani ya ce ya kasa cin abinci. Wata ta ce a cire masa ido a mako mai zuwa.

Ita a wajenta wannan ba labari ba ne, mugun fata ne aka zauna aka tsara wa mara lafiya, abin da bai da maraba da asiri sai dai an yi shi da waya. Kuma ko ba asiri, idan Kabtin ya gani da idonsa, jininsa zai hau ne ya ƙarasa shi. Ta sa Rihab ta rantse ba za ta gaya wa uban ba, ta kuma sa ta buɗe mata shafin a tata wayar. Ta ce sai ta gano mai rijiyar nan ta toshe masa baki kafin maganar ta hau hawa na huɗu.

Ta bi labarin tun daga kashi na farko yadda take bin yadi, ba ta tsallake layi ba. Nan ta ga abin da ya ƙara tayar mata da hankali. Marubucin ya san tabon da ke ƙarƙashin hammatar Kabtin ta hagu. Ya san wannan ƙato da ya ɗaga maza sama yana tsoron tsaka, abin da ko surukinsa bai sani ba. Ashe ba baƙo ba ne, wani ne da ya taɓa ganinsa ba riga, ya kuma zauna da shi.

Sunan farko da ya zo mata shi ne Kabtin Gabir, wanda ake kira Zakin Dalta, wato zakin yankinmu, jarumin da mutane ke tafa wa. Shekara ashirin suna karawa da Kura, kuma akwai ranar da Mitwalli ya yi kuskuren jifa ya karya masa ƙashin kafaɗa da gaske. Ta tuna Gabir ya zo asibiti duba mijinta da lemo yana ta murmushi, murmushin da tun a lokacin ta ga ya yi yawa.

Ta same shi da hantsi a gidan gahawa, inda mata ba su cika shiga ba. Masu wasan domino suka dakata. Gabir, wanda yanzu tumbi ya riga shi shiga ko'ina, ya miƙe yana cewa ya Hajja, kin haskaka mana wuri, a kawo shayi. Ta ce ba shayi ya kawo ta ba, ta dangwara masa wayar a gaba.

"Kai ne mai rijiyar nan?"

Ya kalli wayar, ya kalle ta, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Ni? Ya Ummu Rihab, ni da sunana ma sai na huta a tsakiya kafin in ƙarasa rubutawa? Ai da na iya wannan da tuni na sayi gida a Iskandariyya."

"Amma ka san da shi."

"Wa bai sani ba? Duk Talata a nan ake karanta mana, mai shayi har ƙona hannu yake yi. Mutum dubu uku suna maganar Kura. Ko lokacin da yake da ƙarfinsa bai taɓa tara rabin haka ba."

"Suna tsine masa."

"To da me kike so su yi masa, guɗa? Shi mugun wasa zagi ne abincinsa. Ranar da aka daina zaginsa ranar ya mutu. Wanda ya rubuta wannan, ko wane ne, ba maƙiyinsa ba ne."

Ta ce masa wanda ke cire wa mutum haƙora duk mako idan masoyi ne to Allah ya raba ta da masoya. Ya roƙe ta ta bar shi ya hau ya gaida abokinsa, ko minti goma, ya ce shekara biyu rabon da ya sa shi a ido. Ta ce likita ya hana. Ta fito tana juya maganganunsa. Ya musanta da sauri, ya yi dariya da yawa, kuma me ya sa yake neman hawa gidan yanzu, in ba sabon abin rubutawa yake nema ba? Ba ta cire shi daga zargi ba, ta dai matsar da shi gefe.

Na biyu shi ne Ustaz Hilmi, tsohon malamin makaranta da ƙofarsa ke kallon tasu. Mutum ne mai littattafai, ba mata, ba aiki, kuma bangonsu ɗaya. Ta tare shi a kan matakala da jakar burodi a hannunsa. Bawan Allah bai ma ji haushin an zarge shi da mugunta ba, abin da ya ƙona masa rai shi ne a ce shi, da ya koyar da adabi shekara arba'in, zai ɓata alƙalaminsa a kan maza masu gajeren wando. Ya shige gida ya rufe ƙofa da ƙarfi. Awatif ta lura kunnuwansa sun yi ja, ta ajiye wannan ma a ranta.

Daga nan abin ya zame mata ciwo. Ta zargi mai kawo tukunyar gas, don ya taɓa shiga har kicin. Ta zargi mai allurar da ke zuwa duk wata. Akwai kwandon da Kabtin ke zurawa da igiya daga baranda, mai shago ya sa masa jarida ya ja sama; ta ce ta nan ake aiko da gulma ana karɓa, ta yanke igiyar. Talatar da ta biyo baya Mai Gadi ya yanke wa Kura wata jijiya a wuya wadda da ita yake jin ƙamshin waje. Ta ce lalle daga benen da ke fuskantarsu ake leƙensu, ta rufe tagogin katako na baranda, ta ce wa Kabtin iska ba ta yi masa kyau. Bai yi musu ba, ya ja kujerarsa ciki. Talata ta zagayo, Mai Gadi ya zo da bulo da siminti ya toshe 'yar kafar da haske ke shigowa ɗakin Kura, yana yi yana shafa masa kai.

Wani zai ce ai abin a fili yake. A fili yake ga mai kallo daga nesa. Awatif kuwa ta saba aibi a jikin yadi yake, ba a jikin mai dubawa ba, don haka duk abin da ta gani sai ya ƙara tabbatar mata akwai ɗan leƙen asiri kusa. Ta turara gidan da lubban, ta rataya ƙwayar shuɗin dutse a bakin ƙofa don maganin mugun ido, ta hana kowa shigowa. Har ta kai ta kira Rihab ta tambaye ta, cikin wata murya mai laushi da ba tata ba, ko surukin nasu yana yawan zama da waya, kuma ita kanta yaya aka yi ta fara gano shafin. Rihab ta ce, "Mama, ni kike tuhuma da ubana?" ta kashe wayar. Mako biyu ba ta kira ba. Awatif ta ji zafin abin ƙwarai, ta yi kuka a kicin, amma ko a cikin kukan tana tuna yarinyar ba ta ce a'a ba.

Wata ranar Lahadi tana ninke wanki a ɗakin kwana, tagogi a rufe, daga ita sai shi, ta ji warin taba kaɗan a jikin jallabiyarsa ta sanyi. Ta shimfiɗa rigar a gado ta bi kalmasar da bayan farce har ta ji tudu, ta farke, ta zaro karan sigari ɗaya da ya tsufa har ya yi rawaya. Ta karya shi biyu a gabansa ta zuba a aljihunta. Ya bi hannunta da kallo, ya kawar da kai.

Talata ita ce babbar kasuwa, ranar da takan yi awa uku a waje. Tana tsaye gaban mai kifi wayarta ta yi ƙara, kashi na ashirin da shida ya fito. Kura ya ɓoye wani ɗan guntun ashana a bakin rigarsa, shi ne abu na ƙarshe da ya mallaka, yakan taɓa shi ya tuna akwai wuta a duniya. Mai Gadi ya shigo, ya shimfiɗa rigar a ƙasa, ya bi ta da bayan farce, daga gefe zuwa tsakiya, a hankali, kamar mai neman inda zare ya tsinke. Ya samu, ya karya shi biyu, ya sa a aljihu.

Mai kifi ya yi ta tambayarta kilo nawa, ba ta ji ba. Ta nemi bakin wani shago ta zauna a kan akwatin lemo. Ba Gabir a ɗakin nan ranar Lahadi, ba Ustaz Hilmi, ba taga a buɗe. Duk da haka ba ta yarda nan take ba, don ita ko kanta ba ta yarda da shi sai ta gwada. Ta koma gida ta dafa kifin ba gishiri, ta yi mako guda tana kallon mijinta ta gefen ido, shi da hannunsa da ba ya riƙe cokali balle rubutu.

Da Talata ta dawo ta ɗauki jakar kasuwa, ta yi masa sallama, ta kulle ƙofa. Ta sauka hawa ɗaya tana buga takalmi, sannan ta tuɓe su ta riƙe a hannu, ta hawo a hankali ta kafa kunne a jikin ƙofar gidanta kamar ɓarauniya. Da fari ba ta ji komai ba sai jan ƙafarsa. Can sai ga wata murya da ta yi shekara uku ba ta ji ba, mai kauri, mai gurnani, wadda ke sa yara ɓuya bayan iyayensu a filin matasa. Kura ne ke magana. Yana faɗa wa wayar, wayar tana rubutawa. Yakan tsaya ya ce a'a, goge wannan, ya sake da wata kalma mafi muni, har ya yi 'yar dariya shi kaɗai. Ta ji yana cewa Mai Gadi ya kawo allura da zare zai ɗinke wa Kura fatar ido, don kada ganin duhu ya dame shi.

Ta sa makulli ta buɗe. Yana tsaye a tsakiyar falo, ya dafa bayan kujera, ƙirji a buɗe, fuska ta yi jini-jini kamar ta mai lafiya. Yana ganinta da takalma a hannu ya zauna, ya kifa wayar a cinya, ya koma tsohon nan mai cewa an gode.

"Ni ce Mai Gadin," in ji ta.

"Labari ne kawai, ya Awatif."

"Ni na cire maka haƙora?"

"Kin hana ni fasik. Shekara uku ban sa kifi mai gishiri a bakina ba, to haƙoran na mene ne?"

Ya so ta yi dariya, ba ta yi ba. Ta ce masa ta shiga gidan gahawa a gaban maza saboda shi, ta ci mutuncin maƙwabci, ta ɓata da 'yar cikinta, wata biyu ba ta yi barcin kirki ba tana neman wanda ke son ganin bayansa, ashe yana zaune tana dafa masa adas. Ta ce ita da ta wanke shi, ta juya shi a gado, ta koya masa kiran sunanta, ita ce dodo a gaban mutum dubu uku.

Bai kare kansa da sauri ba. Ya ce bai san tana karantawa ba, da ya sani da ya daina, ko kuma da bai iya dainawa ba, shi ma bai sani ba. Ya ce ranar farko da ta murɗa makulli ta waje ya ji wani abu ya tokare masa ƙirji, in bai fitar da shi ba zai fashe, kuma ba zai iya faɗa mata a fuska ba don ya san abin da ta sha a kansa. Sai ya faɗa wa waya. Da ya ga mutane suna zagin Kura kamar da, ya ji jini na gudu a hannun nan da ya mutu.

"Kin karanta sharhin?" ya tambaye ta. "Sau nawa suka roƙe ni Kura ya tashi ya shaƙe Mai Gadi? Kullum sai sun roƙa. Ban taɓa barin ya ɗaga masa ko yatsa ba. Ban kuma taɓa cire masa abin rufe fuska ba, ba wanda ya san ko wane ne."

"Ni na sani."

"Ke dama ba a ɓoye miki komai."

Ta ce to ya faɗa mata abin da yake so, tun da ta zama mai gidan yari. Ya ce ba wani abu mai yawa ba ne. Yana so ya sauka ƙasa da ƙafarsa, ya zauna a gidan gahawa, Gabir ya yi masa ƙaryar da ya saba, wani ya wuce ya ce ga mugun nan. Ta ce likita fa. Ya ce likita cewa ya yi a kula da matakala, bai ce a binne shi da rai ba. Ta ce idan ya faɗi ya mutu fa, ita ta yi yaya? Ya kalli tagogin da ta rufe ya ce ba shi da amsar wannan, kuma ba zai yi mata alƙawarin ba zai faɗi ba.

Kwana uku ba ta yi masa magana ba sai ta abinci da magani. Ta kira Rihab ta ba ta haƙuri, a taƙaice, don ba ta iya dogon ban-haƙuri ba. Ta sake karanta labarin daga farko, wannan karon ba neman mai laifi take yi ba, kuma ya fi yi mata ciwo. Tsoronta bai ragu ko kaɗan ba. Ta dai gane cewa mutumin da take tsaro yana ƙarewa a hannunta ta wata hanyar, kuma a cikin hanyoyin biyu ba wadda ta zo da tabbas.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta goge masa farar jallabiya ta ajiye a gado. Ta aika wa Gabir cewa ya tsaya a ƙofar gida ta ƙasa, kada ya hawo, kada ya ba mijinta taba, kuma idan wani abu ya same shi ta san wuyan da za ta kama. Kabtin ya shirya shi kaɗai, ya daɗe yana fama da maɓalli, ba ta taya shi ba. Da ya zo bakin ƙofa ta miƙa hannu za ta riƙe masa damtse, ya dube ta, ta janye.

Ya kama ƙarfen matakala da hannun hagu ya fara sauka. Ta tsaya a bakin ƙofa tana ji: taku ɗaya, sai jan ƙafa, taku ɗaya, sai jan ƙafa. Ya sha kwana ya ɓace mata, sautin ya ci gaba yana raguwa. Can ƙasa, wajen hawa na biyu, sai ya tsaya cak. Ta jira. Ba tari, ba motsi, ba ƙarar faɗuwa. Ta sa ƙafa ɗaya a kan matakala, ta damƙe ƙarfen, bakinta cike da sunansa.

Sai muryarsa ta taso daga ƙasa, da haki a ciki.

"Awatif, daga nan ina jin numfashinki. Hutawa nake yi. Shiga ciki."

Ba ta shiga ba. Amma ta mayar da ƙafarta baya, ta tsaya a inda take, tana jira ya ci gaba.